Kukan namijin salwa: abin da masu kiwo a Damagaram suka ce

A wata hira da masu kiwon salwa suka yi a fada a unguwar Birni, an fi daɗewa kan maganar yawan maza. Namiji yana fara cara tun yana da kamar sati 6, kuma da ya ji wani namijin, sai su shiga gasa. Shawarar da kowa ya yarda da ita: namiji ɗaya ga mata 4 ko 5. Sauran mazan a yanka, ko a kai Kasuwar Dole. Gane su ba wuya, ƙirjin namiji jaja-jaja ne, na mace kuwa ɗige-ɗige.

Wanda ƙwai kawai yake so ma ba ya bukatar namiji sam, matan za su yi ƙwai abinsu, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba.

Wani dattijo ya ce kada a ware namiji shi kaɗai, don kiran matansa zai yi ta yi har asuba. Haske ma yana tayar da shi, saboda haka a kashe fitilar tsakar gida, a rufe kejin da buhu da dare. A ganina nan ne ake bukatar hankali: a zafin watan Afrilu, in ba a bar gefe ɗaya a buɗe ba, tsuntsayen na iya mutuwa. Kejin kuma a nisantar da shi daga katangar maƙwabci.