Wa ya taɓa kallon Lion King na dandamali?

Maman Ilham (Jekadafari): Salam jama'a, zan kai wa ƙanwata ziyara Landan da yara, ta dage wai sai mun je mun ga Lion King da ake yi a dandamali, ni kuma na ce katun ɗin da suka haddace tun a gida me za a ƙara musu? Kuɗin tikitin ma ba wasa ba. Ya cancanta kuwa?

Ɗan Bolari: Hajiya ki je wallahi, ba ɗaya ba ne sam. Fim ɗin na 1994 ne, wasan kuma tun 1999 ake yinsa a gidan wasan kwaikwayo na Lyceum har yau ba a daina ba. Ana farawa wata mata ta ɓarke da waƙar Zulu sai kawai ki ga giwa ta taho ta tsakanin kujeru ta wuce ta gefenki, raƙuman dawa kuma mutane ne a kan dogayen sanduna hannu da ƙafa, fuskar zakin a saman kan ɗan wasan take kina ganin tashi fuskar a ƙasa. Yarona ko ƙifta ido bai yi ba.

Baban Sadik: Ni dai da kuɗin nan gara na yo tsaraba, a Gombe ma muna ganin tashe kyauta 😂

Anti Pantami: Yaya shekarun yaran nawa? Wasan ya kai awa biyu da rabi da hutu a tsakiya, ƙananan kan gaji, kuma wajen mutuwar sarkin zakunan Mufasa akwai kuka fa. Ki nemi na rana.

Maman Ilham: Autan shekara 7, in sha Allah zai jure. Baban Sadik tsarabarka cakulet ce kawai.