Harbin farko kullum ƙasa yake sauka, a ba ni shawara

Abban Zahra: Assalamu alaikum jama'a. Na sayi bindigar hannu Beretta 92, ina zuwa filin koyon harbi a nan Houston. Harbin farko, wanda kunama ke ɗana hama (ƙarfen baya da ke bugawa harsashi ya tashi) da kanta sannan ta sake ta, kullum ƙasa yake sauka gefen hagu, ko a yadi 7 ne. Daga na biyu sai komai ya daidaita. Bindigar ce ko ni ne?

Baba Soja: Wa'alaikumussalam. Bindigar ƙalau take, ɗana. Ita sojan Amurka suka ɗauka a 1985 da sunan M9, sai a 2017 aka zaɓi bindigar kamfanin SIG ta gaje ta, kuma duk wanda ya riƙe ta ya sha wannan matsalar. Jan farko yana kai wajen kilo 5, na bayansa kilo 2 da ɗoriya, bindigar kuwa ba harsashi ba ta cika kilo 1 ba. Kana jan kilo 5 a jikin abu mai kilo 1, ai dole ta karkace in riƙonka ba ƙarfi. Damƙe ta sosai, musamman da hannun hagu. Sannan ka shigar da yatsa har kunama ta zauna a gaɓar farko, kan yatsa ba zai iya wannan nauyin ba.

Maman Khalil: Ni abin da ya gyara min hannu atisaye ne a gida ba harsashi. Ka sayi harsashin roba na gwaji, ba tsada. Harsashi na gaske ka kai shi wani ɗaki tukuna, ka cire magazin (gidan harsashi), ka leƙa ciki da idonka, ka fuskanci inda babu mutum ko ta bayan bango. Sai ka ɗora kwandala a saman bindigar, ka ja har hama ta faɗi ba tare da kwandalar ta zame ba. Minti 10 a rana ya isa, in yatsa ya gaji ka bari.

Injiniya Sani: Ni dabarata daban. Ina ja har kusa da inda za ta tashi, in tsaya, in gyara saiti, sannan in ƙarasa.

Baba Soja: Injiniya, a nan ba na tare da kai. A yadi 25 kana harbin takarda a natse, zai iya yi maka. Amma mai koyo in ya saba tsayawa, yana ganin saiti ya hau tsakiya sai ya fizge ragowar, ga harbin ƙasa ya dawo. Ja ɗaya ake so, daga farko har ƙarshe, kamar jan guga daga rijiya. Saiti zai riƙa ɗan rawa, ƙyale shi ya yi rawarsa, kai dai ka ci gaba da ja. A fara a hankali, sauri daga baya yake zuwa.

Injiniya Sani: To Baba, zan gwada naka ranar Asabar mu ga takarda.

Ɗan Fagge: Mu na gida dai kallo ne namu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba (bindigar hannu mai ramukan harsashi masu juyawa) cikin waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Amma muna ƙaruwa.

Malam Habu Dallas: Abban Zahra, in akwai hali ka yi hayar libarba mai harsashi .22 a filin, irin Smith & Wesson 617. Kowane harbi da doguwar kunama za ka yi shi, ba ta bugun hannu, harsashinta kuma ya fi 9mm na Berettarka araha nesa ba kusa ba. Sai dai irin .22 kada a riƙa jan ta wayam ba roba a ciki, tana iya lahanta bakin ramin harsashi. Masu cewa kunama mai nauyi ba ta sauri su nemi bidiyon Jerry Miculek, a 1999 ya saki harsashi 8 cikin daƙiƙa 1 da libarba.

Maman Khalil: Wani abu kuma, kana zuwa fili kana harbi 15 a jere, ɗaya ne kacal mai nauyi a ciki. Yaushe za ka koya? Harba ɗaya, ka sauke hama da maɓallin da ke gefe, ka sake. In ya zauna sai ka koma bibbiyu, mai nauyi da mara nauyi, don canjin nan tsakaninsu shi ma karatu ne. Kuma ka ba wani ya loda maka magazin ya cusa na roba a tsakiya ba ka sani ba. In ka zo kansa bakin bindiga ya duƙa, to zabura kake yi kafin ƙara.

Abban Zahra: Allah ya saka da alheri. Wani ya ce min in canza sifirin ɗin hama ya yi laushi, yaya kuka gani?

Baba Soja: Ana yi, amma in ya yi laushi da yawa wani harsashin ba ya tashi. Bar ta yadda take har wata biyu tukuna. In har lokacin kana so, kai wa makanikin bindiga mai lasisi ya sa maka, kuma ka gwada ta da irin harsashin da kake amfani da shi kafin ka baro filin.