Dendrobium ɗina yana fitar da 'ya'ya maimakon furanni

Uwargida_Fure:
Assalamu alaikum. Ina da okid (wani tsiron fure na ado) irin Dendrobium a tukunya cikin falo. Ya zo da fararen furanni jere a jikin kara, daga tsakiya har sama. Shekara ta zagayo babu fure ko ɗaya, sai ƙananan tsirrai uku da suka fito a gaɓoɓin karan, saiwoyinsu na lilo a iska. Ganyen ƙasa kuma yana yin rawaya yana zubewa. Ruwa sau biyu a mako nake ba shi, taki kowane mako. Ina matsalar take? In yanke karan da ya zubar da ganye?

MaiLambu:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Ki ajiye almakashin tukuna. Tunda furannin a jikin kara suka fito, naki Dendrobium nobile ne. Akwai ɗayan da ake yawan sayarwa, mai fitar da doguwar zangarniya daga saman kara. Shi ɗumi yake so duk shekara, kuma kulawarsu ba ɗaya ba ce.

Nobile ɗan gindin tsaunukan Himalaya ne da kudancin ƙasar Sin da kudu maso gabashin Asiya, inda yake manne a jikin bishiyoyi. Damina ta jiƙa shi sharkaf, sannan sanyi da fari su biyo baya. Kowace gaɓa tana da ido, kuma idon nan yana iya zama fure, yana iya zama ɗa. Sanyi da ƙarancin ruwa su ke mayar da shi fure. Ɗumi da ruwa da taki mai yawan naitrojin kuwa ɗa suke haifarwa. Wato gatan ne ya yi masa yawa.

Ki lura da sabon kara. Idan ganye na ƙarshe ya buɗe a samansa, babu wani da ke tahowa daga tsakiya, ya gama girma ke nan. Daga nan ki tsayar da taki kwata-kwata, ki rage ruwa, ki mayar da shi inda sanyin dare ke sauka zuwa digiri 10 zuwa 13 na Selshiyas, har mako 4 zuwa 6, da rana kuma ya sha haske sosai. Tagar gabas ta fi. Idan ganye ya yi kore shar mai duhu, haske bai ishe shi ba. Kore mai haske ake so.

Baba_Okid:
Malam ya yi bayani daidai, amma a yi hattara da "rage ruwa", don wasu sai su hana shi ɗungurungum. Kara shi ne rumbunsa. In ya yi 'yan tattara kaɗan babu komai, in kuwa ya yamutse ya shiga ciki, an wuce gona da iri, tohon furen ma ba zai yi ƙarfi ba. Ruwa kaɗan duk bayan kwana 10 zuwa 14, da safe, ya isa. Da zarar toho ya bayyana a gaɓoɓi sai a ƙara ruwa, taki kuma sai sabon kara ya ɓullo daga gindi.

Zubar ganye a tsohon kara ɗabi'ar nobile ce, yakan ma yi fure a kan kara tsirara. Sai wanda ya bushe ƙayau ya zama holoƙo ake yankewa.

Abin da ya fi damuna shi ne sau biyun nan a mako. Hajiya, ki zare shi ki duba saiwa. Lafiyayya fara ce mai tauri, ta koma kore in ta jiƙe. Wadda ta yi baƙi-baƙi, kika matsa ta saɓule ta bar zare, ta ruɓe. Ki yanke ta da almakashin da aka goge da sifirit. Okid ɗin kuwa, ba a dasa shi a cikin ƙasa. Ana dasa shi ne a ɓawon itace mai girman santimita 1 zuwa 2, da ɗan gawayi, cikin tukunya mai ramuka wadda ta ɗan matse shi. Babbar tukunya tana riƙe ruwa a tsakiya, saiwa ta shaƙe. Ɓawon yana rududdugewa cikin shekara 2 zuwa 3, sai a sake.

Uwargida_Fure:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, saiwoyin tsakiya duk sun ruɓe, na gefe ne masu rai. To 'ya'yan nan fa, Baba?

Baba_Okid:
Keiki ake ce musu, kalmar mutanen Hawai ce mai nufin jariri. Ki bar su sai kowanne ya yi saiwa uku ko huɗu masu tsawon santimita 5 zuwa 7. Sannan ki riƙe gindinsa ki murɗa a hankali, zai ɓalle. Ki bar ciwon ya sha iska kwana ɗaya, ki dasa a ƙaramar tukunya da ɓawo ƙanana, ki ɗaure shi da tsinke don kada ya riƙa motsi, domin saiwar da ke girgiza ba ta kamawa. Yakan ɗauki shekara biyu ko uku kafin ya yi fure.

Uwar kuwa, tunda saiwarta ta ragu, bana a manta da batun sanyi da fure. A bari ta fara yin saiwa tukuna. Idan sabbin saiwoyin sun kama, ki ba ta rubu'in takin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata kuma ki kwarara mata ruwa zalla ya wanke gishirin da ya taru a ɓawon.