Neman kalmar Hausa: da wane suna za mu kira «orthophoniste»?

Assalamu alaikum. Ina aiki a nan Maradi da yara ƙanana waɗanda magana ta yi musu nauyi, tare da iyayensu, kuma takardar shaidar karatuna ta kira ni da sunan Faransanci, wato «orthophoniste». Tun da na fara aikin ban samu kalmar Hausa guda da zan faɗa wa uwa ta gane sana'ata ba, sai na bi ta da dogon bayani, har wata kaka da ta ji ana cewa a kai jikanta wurin ortofonis ta tambaya ko masu gyaran salula ne. Yanzu an ba ni ɗaki, mai rubutun allo kuma yana jiran abin da zai rubuta a bakin ƙofa, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Kalmar daga Girkanci aka ƙera ta, rabinta na farko yana nufin abin da ya miƙe daidai, na biyu kuma murya. Wani likitan Faransa mai suna Colombat ne ya yaɗa ta lokacin da ya buɗe gidan kula da masu in'ina a Paris wajen 1829, amma sana'ar ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a hannun Suzanne Borel-Maisonny, wadda ta riƙa koya wa yaran da likita Victor Veau ya ɗinke wa tsagar ganɗa yadda za su yi magana, kuma sai a 1964 dokar Faransa ta amince da ita. A Beljiyam, inda su ma suke Faransanci, «logopède» suke cewa. Tunda masu harshen da kansu ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, ban ga dalilin da zai sa mu ɗaure kanmu da fassara kalmarsu gaɓa da gaɓa ba. Aikin ya kamata mu duba, mu raɗa masa suna.

Ga aikin kuwa. Ana kawo mini yaron da ya shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, da mai in'ina, da mai tsamin baki da ke cewa «tifi» a maimakon kifi, da wanda sanƙarau ko ciwon kunne mai zubar da ruwa ya rage wa ji, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe, har da jaririn da ba ya iya tsotso ko haɗiya yadda ya kamata. Ba na yin allura, ba na rubuta magani. Tabarma nake shimfiɗawa, in ajiye ƙwarya da ludayi da ƴar tsana, in zauna da yaron na kusan rabin awa, sannan in nuna wa wanda ya kawo shi abin da zai riƙa yi da shi kullum a gida, domin rabin awa a mako ba ya gina harshen kowa. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan duka?

Amsar wani tsohon malamin lakwal daga Tibiri:

Ɗiyata, Allah ya yi wa aikinki albarka. A ganina ba a neman abin da ke hannu: ki rubuta «likitan magana». Muna da likitan ido, da likitan haƙori, da likitan dabbobi, duk wanda ya ji wannan kuwa zai san layin da aka sa ki. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, za mu yi ta fama da irin wannan tambaya a kowane ofis, kuma na ga kalmomi da yawa da masana suka ƙera suka mutu a cikin takarda saboda tsawonsu. Kalmar da baƙauye ba zai iya faɗa wa ɗan kabu-kabu ba, ba za ta kai shi ƙofarki ba.

Amsata:

Na gode, Baba, kuma na yarda da batun gajarta. Abin da ya hana ni karɓar «likitan magana» abu biyu ne. Na farko, ni ba likita ba ce. Irin karatunmu a wannan yanki a makarantar mataimakan likitoci ta Lome aka fara ba da shi a 2003, kuma ba ya ba mutum ikon rubuta magani. Na biyu ya fi nauyi. A nan Nijar, in an ce likita, ana nufin mutumin, ana kuma nufin gidan, kuma duk wanda ya tafi likita yana sa ran ya dawo da takardar magani a hannu. Wata uwa ta taso daga wani ƙauye bayan Gidan Rumji da ɗanta mai shekara uku, ta biya kuɗin mota, ta zauna ta ga ina buga ludayi a kan ƙwarya ina jiran yaron ya miƙo hannu ya nema. Da muka gama ta gyara goyonta, ta ce, «To Malama, yanzu sai maganin.» Da na ce babu, sai fuskarta ta canza, ban sake ganinta ba. Wanda ya turo ta ya ce mata ta je wurin likita, ita kuwa ta zo ta tarar da babbar mace tana wasan yara.

Amsar wani malamin Islamiyya daga unguwar Zariya:

Malama, kalmar tana cikin Alƙur'ani. A Suratu Ɗaha, aya ta 27 da ta 28, Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa ya kwance ƙulli daga harshensa domin a fahimci maganarsa. Me zai hana a ce «mai kwance harshe»? Iyaye sun san addu'ar, da yawansu ma suna tofa wa ƴaƴansu ita, kuma sunan zai cire wa mai in'ina kunya, tunda abin da ya taɓa Annabi ba abin dariya ba ne. Mu ma a karatun tajwidi muna zama da yaro har sai ya gane mafitar kowane harafi, saboda haka aikinki ba baƙo ba ne a wurinmu.

Amsar wata ungozoma daga Madarunfa:

Allah ya gafarta Malam, addu'ar tana da kyau, ni ma ina karanta ta, amma ina roƙon kada a sa wannan suna a allo. A ƙauyukan da nake aiki, in yaro ya yi jinkirin magana, abu na farko da ake cewa shi ne harshensa a ɗaure yake, kuma kowa ya san mai kwance shi: wanzami ne da askarsa. Ana yanke tantanin da ke ƙarƙashin harshe, wani lokaci a sake duba beli ko da an cire shi tun ranar suna. Na ga jaririn da aka kawo mana yana zubar da jini, ya ƙi nono kwana biyu. Tantanin nan in ya yi gajarta ƙwarai yana iya hana jariri tsotso, kuma likita yana gyara shi cikin tsabta, amma ba shi ne ke hana yaro sanin kalmomi ba, beli kuwa ba ruwansa da jinkirin magana. In muka ce «mai kwance harshe», mun tabbatar wa mutane cewa akwai ƙulli na nama da ake yankewa, wanda kuma bai iya zuwa Maradi ba zai nemi mai yankewa a kusa.

Amsar wani ɗalibi daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:

Hajiya ta yi gaskiya. Ni ina ganin mu koma wa kalmomin da masana harshe suka riga suka tsayar, musamman a Jami'ar Bayero ta Kano, inda ake cewa furuci, da sunayen sassan rufin baki irin su ganɗa, da hanƙa, da hanɗa. «Masanin gyaran furuci» shi ne ya fi kusa da asalin kalmar Faransancin, kuma zai shiga takardun gwamnati ba tare da kowa ya yi masa dariya ba.

Amsata:

Ƙanena, kalmomin nan ina amfani da su kullum a rubutuna, kuma sun sauƙaƙa mini aiki. Sai dai furuci ɗaki ɗaya ne a cikin gidan. Yaron da ke cewa «luwa» a maimakon ruwa yana da shekara uku bai cika damuna ba, domin harafin ra yana cikin sautukan da yara ke makara kafin su kama. Wanda ke hana ni barci shi ne wanda za a ce masa «ɗauko takalminka» ya tsaya yana kallon mutane, ko wanda ba ya nuna abu da yatsa, ba ya juyowa in an kira sunansa. Wannan ba shi da furucin da za a gyara tukuna. In allo ya ce gyaran furuci, uwarsa za ta ce ai nata bai fara ba, bari ta jira, jiran nan kuwa shi ne ke cinye shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗauka.

Akwai wasu shawarwari da suka zo mini ta gefe, zan wuce su da sauri. «Mai buɗa baki» zai sa a zo mini da dabino da kunu a watan azumi. «Mai maganin baki» zai jawo masu tsoron kambun baka. «Mai gyaran magana» kuwa shi ne dattijon da ake kira in ma'aurata sun saɓa.

Kalmar da zuciyata ta fi kwanciya da ita ba daga wurina ta fito ba. An kawo mini wata yarinya ƴar fari, shekararta biyu da rabi, ba ta da kalmar da ta wuce biyar. Na yi ta nuna wa uwar yadda za ta durƙusa ta haɗa ido da ita, ta kira sunanta, ta faɗi sunan kowane abu da yarinyar ta kalla, sannan ta yi shiru ta ba ta lokacin amsawa. Uwar ta sunkuyar da kai, ko sau ɗaya ba ta ɗago ba. Sai daga baya na gane wautata: ƴar fari ce, ga surukarta a zaune, ta yaya za ta kira sunan a gabanta, balle ta yi mata wasa? Tsohuwar ce ta cece ni. Ta ja tabarmar, ta ɗora yarinyar a cinya, ta ce, «Bar ta, ɗiyata, kunya ce. Ni za ki nuna wa. Ashe maganar ma rainonta ake yi.»

Tun ranar nake juya wannan kalma. Raino ba aikin rana ɗaya ba ne, ba a yin sa da aska, ba a saye shi a kanti, kuma ba na mutum ɗaya ba ne: uwa tana yi, kaka tana yi, goggo da yaya da ƴar raino duk suna da hannu. Wanda ya ji «rainon magana» ya san za a daɗe, ya san kuma shi ma akwai abin da zai yi. Kalmar ta ɗauki mai in'ina, wanda abin da ya fi buƙata a gida shi ne a daina ce masa «yi a hankali» ana ƙarasa masa zance, ta ɗauki kurman da za a koya wa magana da hannu, ta ɗauki wanda bai fara ba sam. Saboda haka shawarata ita ce a kira aikin rainon magana, mai yin sa kuma mai rainon magana, jam'i masu rainon magana, a takardar gwamnati kuwa jami'i ko jami'ar rainon magana.

Amsar tsohon malamin daga Tibiri:

Ɗiyata, kalmar ta yi daɗi a baki, amma ki kula da abu biyu. Tsakanin raino da raini wasali ɗaya ne, kuma na san matasan fada, sai sun mayar da ke «mai rainin magana». Sannan abokan aikinki suna kula da manya da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki ya ɗauke musu magana. Za ki ce wa magidanci mai gemu an kawo shi raino?

Amsata:

Baba, na farkon na ɗauke shi, domin ba a raɗa sunan da ba a yi wa ba'a, kuma uwar da ɗanta ba ya magana ba za ta rikita raino da raini ba. Na biyun ya fi ƙarfina, kuma ina ganin kana da gaskiya. Maganar ce ake raino, ba mutumin ba, amma kunnen dattijo ba zai tsaya tantance wannan ba. Ga manya ina ganin «farfaɗo da magana» ya fi dacewa, tunda abin da ya taɓa kasancewa ne ake dawo da shi, ko da yake na bar hukuncin ga waɗanda ke aiki da su. Batun tsotso da haɗiya ma sunan bai ɗauke shi ba, kamar yadda na Faransancin bai ɗauka ba, sai in riƙa faɗa wa ungozomomi da baki.

Na aika wa mai allo. Zai rubuta «Ɗakin Rainon Magana» da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma «na yara da iyayensu», sannan kalmar Faransancin da ƙananan baƙaƙe saboda masu turo marasa lafiya da takarda. Na roƙe shi kada ya manta da lanƙwasar da ke kan harafin farko, kada ya mayar mini da ɗaki ya koma daki. Hajiya, in kin je awon ciki na wannan mako a Madarunfa, ki faɗa wa matan sunan ba tare da wani bayani ba, ki tambaye su me suke zaton ana yi a ɗakin, ki rubuto mana abin da suka ce.