Wace fassarar littafin Gabrielle Roy zan nema?

Ɗaliba, Gombe: Assalamu alaikum malamaina. An ba mu aiki kan Gabrielle Roy ta Kanada. Ta ina zan fara, kuma wace fassara ta fi?

Malamin adabi, Bauchi: Wa alaikumus salam ƴata. Fara da rahotanninta. Malamar makaranta ce a Manitoba, ta tafi Turai a 1937, ta dawo Kanada a 1939 ta zauna a Montreal tana rubuta wa mujallar manoma, Le Bulletin des agriculteurs. Yawon neman labari ya kai ta Saint-Henri, unguwar talakawa a gefen layin dogo. Daga nan littafinta na ƙagaggen labari, Bonheur d'occasion, ya fito a 1945, ya ci kyautar Femina a Faransa a 1947.

Mai fassara, Tudun Wada: Ƙanwata, nemi The Tin Flute, wato Bonheur d'occasion a Turanci, fassarar Alan Brown ta 1980. Ta Hannah Josephson ta 1947 akwai tuntuɓe. A Faransancin Kebek, lardin da Montreal take, "poudrerie" guguwar ƙanƙara ce, kamar hazon hunturu mai rufe ido, sai ta ɗauka ma'anar Faransa, ta rubuta wai masana'antar albarushi ta fashe!

Ɗaliba, Gombe: Kai! Allah ya saka, Yaya.

Malamin adabi, Bauchi: Ki duba shafin farko na bugun, sunan mai fassara na nan.