Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Manjo

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Malamai, wa ya gina tashar Manjo ta ƙasar Kamaru, me kuma ya kashe ta?

Na Ngaundere: Wa alaikumussalam, Malam. Tana kan layin da Jamusawa suka shimfiɗa daga Bonaberi, a bakin Duwala, zuwa Nkongsamba, kilomita 160, aka gama a 1911. Faɗin dogon mita ɗaya ne, kamar namu da ya iso nan a 1974. Kofi da ayaba yake kwasowa. Da kwalta ta samu, manyan motoci suka ƙwace lodin, farashin kofi kuma ya faɗi, sai aka bar sashen da ke tsakanin Mbanga da Nkongsamba, inda Manjo take.

Bamarwaye: Haka ne, Alhaji. Ga hawan dutse, ga ruwan sama mai yawa. In kwalbati ta toshe, ruwa kan kwashe tsakuwar ƙarƙashin dogo, ƙarfen ya lotsa. Gyaran akwai tsada, amma barin layin asara ce babba.