Ku da ƙauyenku ke bayan rafi, yaya kuke fita da damina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙauyenmu yana ta hanyar Soba, sai ka bar kwalta ka bi burji, ka haye wani rafi da ke zubawa cikin kogin Galma. Da rani a-kori-kura na shiga har ƙofar masallaci. Da zarar Agusta ta kama kuwa, ɗan acaba ma a bakin rafi yake sauke ka. Bana na je gaida Inna, na ƙirga gidajen da aka rufe a unguwarmu, duk masu su sun dawo Dakace ko Sabon Gari a Zariya. Ina so in ji ko haka abin yake a naku garuruwan.

Wata ungozoma:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni abin da na gani zan faɗa. Naƙuda ta tsananta wa wata yarinya da tsakar dare, jini ya ɓalle, ruwa kuma ya shanye kwalbatinmu. A amalanken shanu muka shimfiɗa ta, maza huɗu na tafe gaba da fitila suna lalube hanya. Sai da muka fito titin Funtuwa muka sami mota, kafin mu isa asibitin koyarwa na Shika an kira assalatu. Allah ya tsare uwar, jaririn bai zo da rai ba. Tun daga ranar, duk mai cikin da watanta ya faɗo a damina nakan ce wa mijinta ya kai ta wurin dangi a Samaru ta zauna har ta sauka. Wasu daga nan ba sa komawa.

Wani direba daga tashar Kwangila:
Allah ya sa mai ceto ne, Baba. Mu ma ba ƙin shiga muke yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in ka kai lodi ƙauye ka fito babu fasinja, ka yi asara. Mota ta kafe a taɓo kuma, kwana za ka yi. Shi ya sa sai ranar kasuwa muke leƙawa.

Wani manomi daga ɓangaren Hunƙuyi:
Malam direba, asararku ba ta kai tamu ba. Masara na iya jira a rumbu, tumatir da tattasai ba sa jira. Dillali ya san kwando ba zai kwana biyu ba, ya san ba ka da mota, farashin da ya yanka shi za ka karɓa. Bara muka yi gayya, kowane magidanci ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka sayi tifa-tifa na marmara muka cike wurin da ya fi lalacewa. Ruwa uku ya wanke rabinta, domin ba mu da kuɗin yin magudana.

Wani malamin firamare:
Batun yawan jama'a nake son taɓawa. Rabon da a yi ƙidaya a Nijeriya tun 2006, yaran da aka haifa a lokacin yanzu wasunsu suna da iyali. Da muka rubuta takardar neman kwalbati, aka tambaye mu mutum nawa ne a garin, muka rasa amsa. Sai muka bi lambobin da masu rigakafin shan inna ke rubutawa da alli a ƙofar gidaje, mai unguwa na faɗa mana wanda ke nan da wanda ya tafi cin rani bai dawo ba. Da wannan lissafin muka koma ƙaramar hukuma.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malam, don Allah turo mini yadda kuka tsara takardar. Ranar Juma'a zan je gida, zan kai wa mai unguwarmu bayan an sauko daga masallaci.